Igiyar Yaya Mutari

Gibli ta taso tun makon jiya, har yau ba ta kwanta ba. Wanda bai zauna Sabha ba zai ce ai iska ce kawai mai busowa daga kudu. Mu da muka tsufa a garin nan mun san halinta. Tana zuwa da zafi kamar an buɗe maka bakin tanderu a fuska, ta busar da yawun bakinka, ta mayar da sararin sama ja, ta sa kowa ya zama mai saurin fushi. Ni dai ban taɓa neman taimakonta wajen fushi ba, amma bana har ni ta ƙara wa.

Ina zaune a ƙofar shagon ɗana, inda aka ajiye ni tun da gwiwa ta ƙi, kuma a tsakiyar titin da ke gabana akwai wani murfin ƙarfe. Tun shekaranjiya ya fara tsattsafo da baƙin ruwa ta gefe. Masu wucewa suna toshe hanci, su tsallake, su yi gaba. Ni kuwa na kasa ɗauke ido daga kansa, don na san abin da ke taruwa a ƙarƙashinsa, kuma mutumin da ya koya mini wannan sani mun binne shi makon jiya.

Sunansa Mutari, mutumin Mirya ne, can kusa da Damagaram. Larabawan gari suna ce masa Muktar, ni kuwa Yaya nake ce masa, ko da yake ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Shi ya karɓe ni ranar da na sauko daga bayan kamiyo, babbar motar kaya, a Sabha, leɓena duk ya tsage, ba ni da kowa sai sunansa da wani ya ba ni a Agadas. Ya yi sama da shekara talatin yana aikin baladiyya, wato hukumar gari, a sashen majari, hanyoyin da ruwan ƙazanta ke bi a ƙarƙashin tituna. Da yawa daga waɗanda suka san shi ba su taɓa ganin fuskarsa da kyau ba. Abin da suka sani shi ne wani dogon mutum da ke tsugune a bakin rami, ana gaishe shi daga nesa, ba a miƙa masa hannu.

Ni da na zo, aikin gini na sa a rai. Ya bar ni na huta, na ci na ƙoshi, sannan wata safiya ya kama damtsena ya matsa, kamar mai taya rago.

"Lawali, ka iya jan guga?"

Na ce, "Haba Yaya, a bakin rijiya na girma."

"To madalla. Ni ne gugan."

Haka na zama mai riƙon igiyarsa. Ban so aikin ba, kuma ban ɓoye masa ba. Makon farko ko burodi na kai baki sai in ji warin ramin a cikinsa. Na yi ta mita, shi kuwa yana dariya, yana cewa hancina na 'yan sarki ne, ƙafata ta talakawa.

Aikin yana da tsarinsa, kuma Yaya Mutari ba ya tsallake ko ɗaya. Idan muka isa, sai mu ɗaga murfin da ƙarfe mu ja baya, mu bar ramin ya yi numfashi. Sannan ya tsuguna ya duba kyankyasai. In suka fito da gudu suna hawa ƙafafunmu, sai ya ce lafiya lau, inda kyankyaso ke rayuwa mutum ma zai ɗan jima. Bayan nan a gwada sandunan ƙarfe daga sama. Sai in sun gaza ne zai tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙirji ta ƙarƙashin hamata, ya yi ƙullin da hannunsa, ya yi bismilla tun yana sama, ya sauka.

Dokar da ta fi kowace girma ita ce ta murya. Wanda ke ƙasa ba ya yin shiru, don na sama ba ya ganinsa sosai, muryar ce kawai shaidar yana da rai. Wasu ma'aikatan waƙa suke yi. Yaya Mutari kuwa Allah bai ba shi muryar waƙa ba, in ya rera ko jaki sai ya juya baya. Zikiri da karatu kuma ba su shiga wurin. Ko a makewayin gida ba a ambaton sunan Allah, balle a inda makewayin gari duka ke haɗuwa. A kan wannan ba ya wasa. Na taɓa ganin ya daka wa wani sabon ma'aikaci tsawa don ya yi salati daga cikin rami da ƙafarsa ta zame.

Sai ya samo wa kansa abin faɗa. Garuruwan hanyar gida yake jerowa, ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, yana aiki. Gudduwa, Murzuk, Gatrun, Tumo, Madama, Dirku, Agadas, Tanut, Damagaram. In ya kai Damagaram sai ya komo Gudduwa ya sake kamawa. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya ƙarasawa Mirya, tunda saura ƙiris.

Ya ce, "Garin da uwata ke kwance? Ba ni kai shi cikin wannan ƙazanta."

Akwai ranar da na ji ya yi tari mai tsawo, na firgita na finciko shi bai gama aiki ba. Ya fito yana huci, don sai ya sake sauka, kuma saukar biyu ta fi ta farko wuya. Ya nuna ni da yatsa.

"Muddin kana jin muryata, hannunka ya zauna lahiya. In na yi shiru, ka ja. Kuma ko me ya faru, kada kai ko wani ya biyo ni, ramin nan ba ya ƙoshi da mutum ɗaya."

Da ya huce, muna zaune a inuwar mota, ya yi ta goge hannu da yashi. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Abu guda nike roƙonka, Lawali. Da rai ko ba rai, kada ka bar ni a ƙasa."

Na ce, "Ba zan bar ka ba, Yaya." Na faɗa ne da sauƙin baki irin na mai ƙuruciya, amma maganar ta zauna mini.

Yanzu azumi ya koma lokacin sanyi, jikokina suna kai shi suna wasa. Wanda nake tunawa ya faɗo ne a tsakiyar zafi, shekara arba'in ko fiye da suka wuce, kuma gibli ta raka shi tun daga ganin wata. A shekarar ne fari ya cinye dabbobi a gida. Kowace mota ta shigo daga kudu sai ta sauke mutanenmu, ƙasusuwa a waje, idanu a zurme, kuma rabinsu sunan Mutari suke tambaya. Gidansa ɗaki biyu ne da tsakar gida a gefen gari. Ya cika har ana kwana a bakin ƙofa. Matarsa Zali ta daina ƙirga baki, sai dai ta ƙara ruwa a tukunya.

Kayan abinci ma sai da layi. Waɗanda ba su sami aiki ba su ake turawa layin burodi tun da safe, su dawo da abin da ya samu. Famfo yana kawo ruwa lokacin da ya ga dama, saboda haka duk abin da zai riƙe ruwa a gidan an cika shi, har butar alwala. Zali takan naɗe tulu da jiƙaƙƙen buhu ta ajiye inda iska ke bi, don a sami mai sanyi da magariba. Da rana ba ka jin motsin kowa. Maza sun jiƙa rawani sun rufe fuska, sun miƙe a gindin bango, suna bin inuwa tana gudu. Ko yara ba su da ƙarfin kuka. Abin da ake ji kawai shi ne iska tana kaɗa kwanon rufi, da yashi yana zuba a kan tabarma.

Idan aka kira salla, kowa ya sami dabino kaɗan da kofin ruwa, sai miyar nan ta Larabawa da suke kira sharba, wadda Zali ta koya ta kuma tsinka ta har kana hango gindin kwano. Dabinon ma alherin Salim ne, direban motarmu, Balarabe daga wajen Wadi Bawanis, mai ƙaton ciki da 'yar Hausar da ya tsinta a kasuwa. Duk ƙarshen mako in ya je gida sai ya dawo mana da kwando.

Mu kuwa aiki ya ninka. A azumi kowane gida suya ake yi, mai da kitse suna bin ruwan wanke-wanke su gangara, gibli ta ƙara musu yashi, zafi ya dafa su wuri guda. Abin yakan daskare a bakin bututu ya yi tauri. Muna fita bayan asuba, mu yi ta fama har rana ta take, sannan mu koma mu faɗi kamar matattu. Yaya Mutari ya rame, igiyar da ke kama ƙirjinsa sai da ya ƙara mata ƙulli. Amma bai taɓa cewa a bari sai gobe ba, don baki sun yi yawa a gidansa, kuma a ganinsa mutumin da gari ya ba amanar ƙazantarsa ba ya zaɓen rana.

A goman ƙarshe ne abin ya faru. Mun riga mun dawo gida, an yi azahar, na fara gyangyaɗi, sai ga hon ɗin Salim a ƙofa. Ya ce wata tsohuwar unguwa ce, ruwa ya ɓalle ya shiga gidaje. Na so in ce ba mu nan. Kafin in buɗe baki Yaya Mutari ya riga ya saɓa igiya.

Tun daga bakin layin muka ga abin. Baƙin ruwa ya kwanta a lungu, ya shiga zaure bayan zaure, ya kai har dokin ƙofar wani ƙaramin masallaci. Wani dattijo mai farin gemu, limamin wurin, ya tarye mu yana riƙe da gefen rigarsa. Ya ce mata suna tsaye a kan bulo suna girkin buɗa-baki, kuma tun asuba ba a yi jam'i ba.

Muka ɗaga murfin, muka ja baya. Muka jira. Yaya Mutari ya tsuguna ya leƙa, ya daɗe a haka. Ni ma na matso. Ba kyankyaso ko ɗaya da ya fito. Waɗanda na hango a jikin bangon ramin ba su motsi, wasu kuma suna yawo a kan ruwan, cikinsu a sama.

Muka sa sanduna, muka yi ta zungura har hannu ya mutu, abin ko gezau. Motar baladiyya mai tsotse ƙazanta kuwa tana can wata unguwa da irin wannan matsala, ba a sa ran ta kafin gobe.

Na ce, "Yaya, mu bari sai da sahe. Ka ga abokanka duk sun mutu."

Ya dubi ramin, ya dubi ƙofar masallacin, ya dubi wata mata da ta leƙo tana ɗauke da yaro a kafaɗa don kada ya taka ruwan.

"Toshewar ba ta da nisa, ina ganin bakinta. Bugu biyu ne in hito."

"Wallahi raina bai kwanta ba."

"Naka ran dama yaushe ya taɓa kwanciya? Riƙe igiya."

Ya tuɓe riga, ya yi ƙullinsa, ya yi bismilla, ya sa ƙafa a matakalar ƙarfe. Na bi kansa da ido har duhu ya haɗiye shi. Mutanen unguwa suka taru daga nesa, hannu a hanci. Igiya tana zamewa a tafina a hankali, sannan ta tsaya.

"Gudduwa!" Muryar ta taso da amon rami. Na ji ƙarar ƙarfe yana dukan abu mai tauri. "Murzuk! Gatrun!"

Iska ta watsa mini yashi a ido, ban ko ƙifta ba.

"Tumo!" Sai wani sauti kamar ƙaton tulu ya fashe a ƙasa, ruwa ya fara gurnani yana wucewa. Mutane suka yi sowa. Ruwan da ke lungu ya soma ja da baya a gaban idonmu.

"Madama!" in ji shi. Sannan ya ce, da wata irin murya ta mamaki, "Lawali, wari ya ɗauke." Ya sake cewa, "Madama." Bai wuce zuwa Dirku ba.

Na buɗe baki zan kira shi, sai muryar ta dawo, a sarari, ba rawa ba gargada.

"La'ilaha illallah. La'ilaha illallah."

Mutanen da ke tsaye suka ji daɗi. Wani ya ce masha Allah, bawan Allah yana gode wa Ubangijinsa. Liman ya gyaɗa kai yana murmushi. A kunnensu ba abin da ya fi wannan dacewa, mai azumi ya gama aiki mai wuya yana zikiri. Ni kuwa sai na ji sanyi ya ratsa ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa, a cikin wannan zafin. Mutumin da ya yi shekaru yana jera sunayen garuruwa don kada sunan Allah ya fita bakinsa a wurin nan, ba zai faɗe shi yau don murna ba.

Na tattara ƙarfina na ja. Salim ya riƙe mini hannu.

"La, la, Lawali! Shi magana! Kai ja, shi hushi!"

"Sake ni! Mutuwa yake yi!"

Ban san da wane harshe na faɗa ba, amma ya sake ni, ya kama igiyar a bayana. A daidai lokacin muryar ta yanke. Igiya ta yi nauyi irin nauyin da ban taɓa ji ba, nauyin mutumin da ya daina taimakon kansa. Mu biyu ne, dukanmu da azumi, ƙafafunmu suna zamewa a cikin ruwan. Muka ja, ya taso, muka ja, ya taso, sai igiya ta cije. Kafaɗarsa ta maƙale a ƙarƙashin matakala.

Wani ƙaƙƙarfan mutum daga cikin 'yan unguwa ya cire takalmi zai sauka. Na daka masa tsawar da har yau nake jin kunyarta, na ce in ya sa ƙafa a ramin nan gawa biyu za mu fitar. Salim ya ce a ɗaura igiyar a mota. Na ce mota za ta raba shi biyu. Ina faɗa ina kuka, ban ma sani ba. Abin da ya rage shi ne abin da zuciyata ta fi ƙi, in sassauta igiyar, in mayar da shi ƙasa kaɗan cikin muguwar iskar ramin, don kafaɗar ta kuɓuta. Na sassauta. Na ji ya nutsa. Na matsa gefe guda na bakin ramin, na ce kowa ya kama. Liman da kansa ya saki rigarsa cikin ƙazanta ya kama, maza suka jeru a bayansa, muka ja gaba ɗaya.

Ya fito kamar tsumma. Fuskarsa ta yi toka-toka, idanu a kafe sun yi ja, kumfa a gefen baki. Muka ja shi nesa da ramin muka kwantar. Na danna ƙirjinsa, na jijjiga shi, na kira shi da duk sunan da na sani. Sai matan unguwa suka fara fitowa da ruwa. Ruwan shansu ne, wanda suka sanyaya tun safe don buɗa-baki, a ranar da famfo bai kawo ba. Suka yi ta miƙowa ana kwarara masa, tulu bayan tulu, ba wadda ta ce a rage mata.

Can sai ƙirjin ya ɗaga. Ya yi wani tari mai ban tsoro, ya amayar da abin da babu a cikinsa, ya ja iska da ƙara. Da idonsa ya dawo daidai, ya dube ni ya motsa baki. Na kai kunne.

"Ya wuce?"

Ruwan yake tambaya. Na ce ya wuce, kuma ban da albarkacin azumi da na zage shi. Liman ya kawo kofi bakinsa, ya datse haƙora. Sai da dattijon ya ce masa shi ne liman a nan, kuma ya umarce shi ya sha, sannan ya haɗiya. Salim ya kai shi asibiti a bayan mota, cinyata a ƙarƙashin kansa, tafin hannuna duk ya saɓule ban ji ba sai washegari.

Bayan salla, da ya fara zama a tsakar gida, ya tambaye ni.

"An ce ina magana ka ja. Me na ce maka game da wannan?"

"Ba magana kake ba, Yaya. Shahada kake."

Ya ce shi bai san ya yi ba. Abin da ya tuna kawai, ya kai Madama, sai ya ga hanya ta yi duhu, ya nemi sunan gari na gaba ya rasa. Ya daɗe yana kallon hannuna da ke naɗe da tsumma.

"Ashe dai kana da amfani," in ji shi. Daga nan har ya bar duniya, duk shekara sai ya tuna mini cewa ni na jawo masa ramuwar azumi guda.

Ya koma aiki kafin wata ya ƙare. Ƙirjinsa bai sake zama daidai ba, in gibli ta taso sai ka ji numfashinsa yana fito kamar tsohuwar buta a kan wuta. Na riƙe masa igiya shekaru masu yawa bayan nan, har bayana ya gaza na koma kasuwa. Shi ya ci gaba. Gari ya faɗaɗa ya fi ƙarfin bututunsa, aka yi shekarun harbe-harbe da kowa ke kulle ƙofa, shi yana nan yana ɗaga murfi, don ya ce masu harbin ma suna shiga makewayi. Kullum maganarsa baɗi zai koma gida gaba ɗaya. Baɗin ta yi ta zuwa tana wucewa, 'ya'ya suka girma a nan, hanya ta lalace, ƙarfi ya ƙare. Gudduwa ce iyakar inda na san ya sake kaiwa, ita ma ɗaurin aure ya kai shi.

Kwanakin baya na ga masu aikin yanzu a wani layi. Suna da mota mai kyau da dogon tiyo, irin waɗanda mu ko a mafarki ba mu samu ba. Amma tiyon ya gaza, ɗaya ya sauka da fitilar waya a baki, na saman kuma ya toshe kunnuwansa da abin jin kiɗa. Ba wanda ke magana da wani. Na tsaya na yi musu faɗa har muryata ta dishe, suka ce to Baba, mun ji Baba. Da na je na ba Yaya Mutari labari, yana kwance, bai yi dariya ba. Ya ce in duba masa ko akwai kyankyasai a layin.

Ranar da zai tafi, Zali ta aiko a kira ni bayan azahar. Gibli ta riga ta fara. Ɗakin ya yi duhu don an rufe taga saboda yashi, wuta kuma an ɗauke, jikarsa tana yi masa fifita da kwali. Ya zama ɗan ƙarami a kan katifa, wannan dogon mutum. Na zauna kusa da kansa na ce, "Yaya, ga Lawali." Bai buɗe ido ba. Bakinsa ne ke motsi, na sunkuya.

"Gatrun," yake cewa. "Tumo."

Ya kai Madama, ya tsaya yana neman iska, ni ma na riƙe tawa. Sai ya ce, "Dirku." Ya bi su a hankali, yana hutawa tsakanin kowane biyu. Agadas. Tanut. Damagaram. Na jira ya komo Gudduwa kamar yadda ya saba.

"Mirya," in ji shi.

Tun da na san shi ban taɓa jin ya ƙarasa ba sai ranar. Zali ta rufe fuska da mayafi. Sannan ya yi shahada, a sarari, da irin muryar nan da na taɓa ji tana tasowa daga ƙarƙashin titi. Ban san lokacin da na kama hannunsa da hannuwana biyu ba. Ja nake yi, da iyakar ƙarfin da tsufa ya bar mini, har kafaɗarsa ta ɗago daga katifa.

"Lawali," in ji Zali a hankali. "Sake shi."

Bayan la'asar muka kai shi. Iska tana ta zuba yashi a cikin kabarin tun ba a sa shi ba. Da aka ce wa zai shiga ya karɓe shi, na miƙa wa ɗana sandata. Ya ce, "Baba, gwiwarka." Na ce ya rufe mini baki. Aka riƙe ni na sauka. Tsawon zamanmu shi ke ƙasa ni ina sama, ranar nan kaɗai na riga shi sauka, na ɗaga hannu aka miƙo mini shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na kwantar da shi a gefen damansa, na gyara masa fuska ta dubi alƙibla, na kwance ƙullin likkafanin. A nan ba wanda zai hana ni ambaton Allah, na yi ta yi har aka ce ya isa.

Ɗana ya miƙo hannu ya jawo ni sama. Aka jera bulo, aka tura ƙasa, aka yi addu'a, mutane suka fara watsewa suna kare fuska daga iska. Ni na tsaya a bakin wurin, kunnena a karkace, hannuwana a buɗe ba komai a cikinsu. Ya yi shiru, kuma na san abin da ya ce in yi in ya yi shiru.

Ɗana ya taɓa kafaɗata ya ce magariba ta kusa. Na karɓi sandata, na juya, na bar shi a ƙasa.